Dokin Ƙofar Inna

Innata ba gurguwa ba ce. Wannan nake so a fara sani, don har ta koma ga Allah mutanen ƙauyenmu na gefen Lahodu gurguwa suke ce mata. Ƙafafunta lafiya lau, ni ke shafa musu man shanu, na san su. Ƙugunta ne ke ciwo, tun ranar da santsi ya kwashe ta a gangaren gulbin Rima da kwandon albasa a kanta. Ta yi jinya ta tashi, har ta fara takawa. Sai wata safiya tana tsallake dokin ƙofar ɗakinta, ɗan tudun lakar nan da ake yi don kada ruwan sama ya shiga, ciwon ya soke ta har ta durƙushe. Daga ranar ba ta ƙara tsallake shi ba.

A shekarun da Sarkin Musulmi ke zaune a Wurno mijina ya rasu, na dawo gida na same ta a haka. Babu abin da ba a yi ba. Wanzami ya yi ƙaho, an yi sakiya, an sha rubutu, yayana ya je har kasuwar Goronyo ya kawo saiwoyi masu ɗacin tsiya. Ciwon yakan lafa, ita da bakinta take faɗi. Tsoron ne bai taɓa lafawa ba. Salla a zaune, wanka a zaune, kaɗin audugarta a zaune. In na kama hannunta na ce mu ɗan zaga tsakar gida, sai ta ƙanƙame gado ta ce, “Kak ki taɓa ni! Ke ba ki san shi ba. Kwance shike, shina jira in motsa.”

Ni kuwa ba ni da haƙuri, nakan yi mita in gaji. Amma uwa ce, ba a jan ta da ƙarfi. Sai in kawo mata ruwa da tuwo har bakin gado, in fitar da kasko.

Mutum ɗaya ke sa ta dariya, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda muke kira Gwaggo. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Kullum da la'asar za ta shigo da sandarta tana cewa, “Sarauniya, yau ma ba a hito an ga talakawa ba?” Inna ta ce mata tsohuwar banza, su zauna suna kaɗi suna gulmar duniya.

Da bazara ta kama, Gwaggo ta kwanta ciwo. Inna ta daina cin abinci sosai. Ran nan ta sa na sauke asabari, ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Gwaggo tana da fararen tabo a bayanta da cinyoyinta, tun ƙuruciya. Ba kuturta ba ce, amma wa zai tsaya bambancewa? Inna kaɗai ta taɓa ganinsu, a gulbi wajen wanka. Shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa tuɓe zane gaban wata mace ba, ga ta da jikoki mata da suka isa aure, kuma a garinmu kalmar nan ɗaya ta isa ta kori masu nema. Sun yi alkawari, in Gwaggo ta riga mutuwa, Inna ce za ta wanke ta, ita kaɗai, ba mai zuba mata ruwa ma.

“To Inna, ƙaƙa za ki yi?” na tambaye ta.

“Ran nan ina tashi,” ta ce. “Ran nan dole ta.”

Na ce to mu fara gwadawa tun yau. Ta ce gobe.

Wata rana da hantsi muka ji kuka ta bayan danga, Gwaggo ta cika. Inna ta miƙa hannu ta ɗauko ƙullin ganyen magarya da ta daɗe da ajiyewa don wankan, ta dafa bango, ta miƙe. Wallahi ta miƙe! Na ga tsawonta da na manta. Ta ja ƙafa har bakin ƙofa, ta riƙe gefe da gefe, ta tsaya tana kallon dokin ƙofar nan da kaza ke tsallakewa ba ta ko lura.

“Tahi ki ce su dakanta,” ta ce. “Ki ce ina tahowa.”

Na je na faɗa. Matan gidan suka ce to, don sun san amincinsu. Amma rana tana hawa, zafi ya fara, maza sun gama haƙa, liman yana zaure. Gawa ba ta jira a bazara.

Na dawo na same ta inda na bar ta, zufa ta jiƙa mata zane. Yayana ya ce zai goya ta. Ta yi ihun da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta ce in aka ɗaga ta ƙugun zai ɓalle. Sai ya ruga ya ɗauko galma, ya durƙusa gabanta, ya farfashe dokin ƙofar, ya share ƙasar da tafin hannunsa har ta yi sumul.

“Inna, babu shi kuma,” na ce. “Ƙahwa guda kaɗai ta.”

Ta ɗaga ƙafar dama. Na gan ta a sama. Ta mayar da ita inda take.

“Ba ni iyawa,” ta ce a hankali. “Ɗiyata, mi as same ni?”

Na yi roƙo, na yi kuka, har faɗa na yi mata, abin da ban taɓa ba. Na ce to ta ba ni magaryar in je ni. Ta saki ƙullin, na ruga. Amma ni ban taɓa wankan gawa ba, kuma na makara. An riga an kira matar da ke yi wa unguwa wankan, wadda ba a taɓa jin ta riƙe magana ta kwana ba. Na tsaya a bakin ɗakin har ta fito tana goge hannu. Ta dubi jikokin Gwaggo da ke kuka a gindin rumbu, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja wata maƙwabciya gefe.

Da na koma gida maza sun riga sun wuce da makara. Inna tana nan tsaye a bakin ƙofa, ta kasa gaba, ta kasa komawa gado. Ta dubi ƙullin magaryar a hannuna, ko kwance shi ba a yi ba.

“Wa taw wanke ta?”

Na gaya mata.

“Ta gani?”

“Ta gani, Inna.”