Kalmasar Wandon Ishaya

Ranar Asabar ta farko a watan Disamba, shekarar da nake aji biyar a firamare, Mama ta tsayar da ƙanena Ishaya a tsakar gidan hayarmu da ke Samaru don ta ɗauki awon wandonsa na Kirsimeti. Tsayuwar ma ta gagare shi, ni na tallafe shi ta baya, ina jin ƙasusuwan kafaɗarsa a tafin hannuna kamar na ɗan tsako. Kwana uku ke nan da sallamo shi daga asibiti a Shika. Sikila ce tun haihuwa, amma wannan karon ta taɓa masa ƙoda, kuma da kunnena na ji likita yana ce wa Baba a kai shi gida, abin da ya rage sai addu'a. Mama ma ta ji sarai. Duk da haka ta ɗora tef daga ƙugunsa zuwa idon sawu, ta ƙara yatsu huɗu, ta zana da alli.

Yatsu huɗun nan doka ce a gidanmu. Mama tela ce, rumfarta tana kasuwar Sabon Gari, kuma sau ɗaya a shekara muke ganin sabon kaya, wato na Kirsimeti. Ba ta taɓa ɗinka mana daidai jiki ba. Sai ta bar tsawo ta kalmashe shi ciki, in yaro ya miƙe a warware kalmasar ya ci gaba da sawa. Haka muke zuwa coci, kaya na yawo a jikinmu, yaran makarantar Lahadi suna tsokanarmu wai aro muka yi. In mun yi ƙorafi ta ce, "Za ku girma ku tarar da shi."

Ishaya ya fi kowa shan tsokanar, don shi ba ya girma ya tarar da komai. Shekara takwas gare shi, amma ba a taɓa warware masa kalmasa sau biyu ba. A kwanakin nan yana kwance a tabarma bakin ƙofa, yana kallonmu muna 'yar gala-gala bayan mun gama ɗebo ruwa a rijiya da sussukar masarar da Baba ya noma. Wata rana ya jawo bakin zanena ya ce, "Yaya, ki ce wa Mama kar ta yi mini babba." Na faɗa mata. Baba ma ya sa baki, ya ce, "Saratu, haba, ko sau ɗaya yaron nan ya sa abin da ya zauna masa." Ko ƙafarta ba ta ɗaga daga keken ɗinki ba ta ce, "Nawa ɗinki ne. Tsawonsa na Ubangiji ne, ban isa in rage ba."

Ni ma na yi iya nawa. Na yi azumi har azahar kwana bakwai, na yi wa Yesu alkawarin ba zan ƙara zagin kowa ba. Saura kwana shida Kirsimeti, da hantsi, ina tankaɗe, Ishaya ya cika. Da wandon aka binne shi, yana yi masa yawa a ƙugu, kalmasar tana nan yadda take. Ranar Kirsimeti Mama ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta shiga sahu, idanunta a kumbure, tana rera waƙar yabo har muryarta ta dushe. Ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa, ya kuma daɗe bai buɗu a coci ba. Na ji haushin Allah, na fi jin haushin Mama. Abu ɗaya tak yaron ya roƙa a duniya, ta hana shi.

Sai da na yi aure na iya tambayarta. Ta ce, "Rifkatu, na ji abin da likita ya faɗa. Amma da na yanke yadin nan daidai, ni ce na fara binne shi, alhali Wanda ya ba ni shi bai yi magana ba tukuna." Ban ce mata ta yi daidai ba, har ta bar duniya ban faɗa ba.

Yanzu kayan yara a shago ake saye, ba mai barin kalmasa, in ya yi kaɗan a ba wani. Keken Mama yana ɗakina, kuma ɗana na biyu da irin jinin Ishaya ya zo. Bara rabin watan Nuwamba a gadon asibiti muka yi shi. Da na shimfiɗa yadin Kirsimetinsa na rantse daidai jikinsa zan yanka, har na ɗora almakashi a kan layin. Na daɗe a tsaye, ina kuka, ina jin haushin nan sabo fil. Sai na goge allin na ƙara yatsu huɗu.