Tocilar Na-ƙasa

A unguwar babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Na-ƙasa ake ce masa, ƙanensa kuma Na-sama, don haka suka raba aikin tun suna samari: shi ke shiga rijiya, ƙanen ke riƙe igiya a baki. A da haƙa suke yi. Da injin burtsatse ya shigo gari sai aikin ya koma yasa kawai, a kwashe laka, a tsamo gugar da ta tsinke, da takalmin yaro, wani lokaci har da mushen kyanwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa bai taɓa fita tas ba ko da zai wuni a cikin sabulu. Yakan ce duk unguwar babu gidan da bai san sirrinsa ba, tunda shi daga ƙasa yake kallon mutane.

Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa ta ƙarshe ce ke tare da shi, wadda kowa ke kira Auta. Tela ce, tana da keke a wani shago na bakin titi. Ita ke dafa masa ruwan wanka, ita ke duba tafin ƙafarsa ko ya taka wani abu, kuma ita ke yi masa faɗa kamar ita ta haife shi. Duk ranar da ya fita aiki hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji ƙarar bokitinsa a ƙofar gida.

Kayan aikinsa ba su da yawa: igiya, dagi, bokiti, sai wata tsohuwar fitilar ƙwai da yake ɗaurawa a ƙugu ya sauka da ita. Auta ta tsani fitilar nan. Ga warin kananzir a kayan wanki, ga haske kamar na mai jin kunya. A tunaninta don gani kawai yake ɗaukarta, kuma babu wanda ya gyara mata wannan tunanin. Gaskiyar ita ce akwai rijiyar da iskar ƙasanta ba ta shaƙuwa, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum sai dai ya ji barci ya zauna. Wuta takan riga mutum ganewa. Shi kuwa Na-sama kunnensa ya yi nauyi tun wani zazzaɓi na ƙuruciya, ko ihu ake yi daga ƙasa ba ya ji, don haka harshen wutar yake kallo. Idan tana ci, ɗan'uwansa na numfashi. Idan ta fara lanƙwasa tana ja, sai ya jawo igiya ba tambaya. Maza biyun nan ba su taɓa kawo wannan zance gida ba, wai don kada a tayar wa mata da hankali.

Da shekaru suka ja, idon Na-ƙasa ya fara yana. Wata rana ya taka fasasshiyar kwalba a gindin rijiya, ya dawo yana ɗingishi da tsumma a ƙafa. Auta ta wanke ciwon tana kuka tana masifa.

"Baba, wallahi an gama da fitilar nan. Tocila zan saya maka, irin ta goshi, mai hasken da ko allura ce za ka gani."

Sai dai ita ma tana tsoron tocilar. Mai gadin layin shagonsu ya taɓa sayen wata mai ƙarfi, batirinta ya fashe a aljihunsa da rana tsaka, cinyarsa ta saɓule. Ita ta ɗinke masa abin da ya rage na wandon. Saboda haka ba ta tsaya wurin masu talla a faranti ba, ta nemi wani mai shagon kayan lantarki a cikin kasuwa, ta zauna a bencinsa ta ce ba za ta tashi ba sai ta fahimta.

Mutumin ya ɗora mata batir biyu, ɗaya a kowane tafi. "Ƙanwata, wanne ya fi nauyi?"

"Wannan."

"To shi ne na gaske. Mai sauƙin nan tsoho ne, daga matacciyar kwamfuta aka ciro shi aka sake masa riga. Kar rubutun jikinsa ya ruɗe ki. Wannan kuma, kin ga ya ɗan fi tsawo? Akwai wani ɗan abu a kansa da ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya ɗauki zafi. Kar a haɗa sabo da tsoho. Kar a jefa shi aljihu tare da makulli. In rigarsa ta yage, a rabu da shi."

"Na mahaifina ne, rijiya yake shiga," in ji ta. "Ba na son wanda zai fashe, kuma ba na son wanda zai mutu ya bar shi a duhu."

"Wannan ba zai ba ki kunya ba. Sai ya wuni yana ci, ko ƙiftawa ba zai yi ba."

Shi ta saya tare da tocilar, ta ƙara guda na ajiya. Ta ɗinka wa na ajiya 'yar jaka mai zif, ta ware wa cajin wuri a kan siminti nesa da katifa, kuma ba ta yarda kowa ya jona ba sai ita. Ranar da ta ɗaura wa Baba tocilar a goshi ta kunna, hasken ya daki bango har ƙadangare ya gudu.

"Kai! Auta, mota kika mayar da ni?" Ya juya ya haske ƙanensa. "Ashe haka ka tsufa ban sani ba?"

Na-sama bai ji ba, amma ya ga ana dariya, shi ma ya yi.

Da farko duka biyun yake sauka da su, tocila a goshi, fitila a ƙugu. Sai wata rana ƙwan fitilar ya bugi bakin rijiya ya tarwatse. Suka zaga kasuwa, masu shago na yi musu dariya, wa ke sayar da ƙwan fitila yanzu? Aka ce sai an yi saƙo. Aiki kuwa bai jira ba. Suka shiga rijiya ɗaya lafiya, suka shiga ta biyu lafiya, a hankali maganar ƙwan ta bi ruwa. Auta ta ɗauki gangar jikin fitilar ta cusa bayan randa, har cikin ranta tana murna.

Aikin ƙarshe a wani gida ne na bayan makaranta, rijiyar da su da kansu suka haƙa suna da ƙarfi. Masu gidan sun kawo injin jan ruwa tun da safe, suka ajiye shi daf da baki yana ta feso hayaƙi yana gangarawa ciki har ruwan ya janye. Da hantsi Na-ƙasa ya ɗaura igiya, ya kunna tocilarsa ya sauka. Bokiti ya hau da laka, ya koma, ya sake hawa. Daga nan bai sake motsi ba. Na-sama ya leƙa, ya ga haske fari tas a ƙasa, sai ya ce a ransa yaya na hutawa ne, ya gyara zama. Ya sake leƙawa, haske na nan. Idon da ya shekara arba'in yana karanta wuta bai san wani karatun ba. Matar gidan ce ta fito shanya ta ce shirun ya yi yawa, ta ƙwala kira, ba amsa.

Auta na kan keke aka zo aka ce ta taso. Ta tarar an shimfiɗe mahaifinta a ɗakinsa an rufa masa zane, lakar ƙafarsa ba ta ko bushe ba. Ta durƙusa ta kama ƙafar, ta duba tafin kamar kullum. Bai taka komai ba.

A tsakar gida ta sami Baffanta Na-sama zaune a ƙasa, igiya ta yanka masa tafin hannu yana jini bai sani ba. Tocilar na kan cinyarsa, har yanzu a kunne, don duk cikinsu babu wanda ya san inda ake kashe ta. A nan ya faɗa mata abin da fitilar ƙwai take yi, da muryar nan tasa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, har maƙwabta na ji. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta ga laifinsa ba, kuma ta kasa gano wanda za ta ga laifinsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Ina ta kallonta, 'yata," in ji shi. "Wallahi ban ɗauke ido ba. Jira nake ta yi ja in jawo shi. Ba ta mutu ba."

"Na sani, Baffa," ta ce a hankali, ko da yake ba zai ji ba. "Haka na ce a ba ni."

Ta karɓi tocilar daga cinyarsa. Ko ɗumi batirin bai yi ba. Ta laluba maɓallin da ke gefe ta danna.