Goggo Hansai da Ƙaramin Kogin Jimeta

Curin yumɓu a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Damin karan dawa. Sandunan ganyen gwanda. Ƙodago a ƙoƙo. Gwangwanayen madara da aka daddake bakinsu don kada su yanki hannu. Jar ƙasa, gawayi, da ɗan shuni a ƙulle a bakin zane. Kayan da ke gaban Goggo Hansai ke nan a tsakiyar Binuwai, kwalekwale ya baro Vinikilang, garin da take zaune a ƙetaren kogi, ya nufi Jimeta, rana ba ta gama fitowa ba.

"Goggo, yau ma ƙasa ka ɗauko?" in ji Apollos, mai tuƙa kwalekwalen, da irin Hausarsa ta bakin kogi. "Mutane suna kai kifi, kai kana kai ƙasa. Jimeta babu ƙasa ne?"

"Akwai, amma ba ta kama hannu. Dubi gabanka, kada ka jiƙa mini kara."

Tun shekarar da aka sami mulkin kai suke wannan faɗan, shi da ita. An yi jihohi, an kai babban ofishin gwamnati Maiduguri, Apollos ya canza kwalekwale har sau biyu, kayan Goggo ba su canza ba. Yanzu gwiwa ta soma ƙin hawa gangaren Jimeta, ɗanta Haladu kuma ya aiko daga Maiduguri cewa ta zo ta huta. Kafin ta ajiye aikin, ya kamata a faɗi abin da ta yi.

Wanda bai san bakin kogin Jimeta a wancan lokaci ba sai a gaya masa. Da damina, in ruwa ya cika, manyan jirage suna hawowa da gishiri da kwanon rufi, su koma da gyaɗa da auduga. Leburori sun cika gaɓa, mata kuma suna bin su da tuwo da kunu da kifi. Kowace mace tana da yaro a baya ko a gefe. Na baya ba shi da matsala. Na gefe, wanda ya koyi tafiya bai koyi tsoro ba, shi ne abin damuwa, domin tsakanin murhun uwarsa da ruwa babu katanga. Dabarar da aka sani guda ce: a ɗaura masa igiya a ƙafa, a ɗaure a turken rumfa. Ba mugunta ba ce. Wata damina igiyar wata yarinya ta kwance, ba a same ta ba sai washegari, can ƙasa da mashaya.

Hansai jikar magina tukwane ce, kakanninta daga Kano suka zo. A lokacin tulu take sayarwa a gaɓar. Bayan an binne yarinyar sai ta je wurin Malam Mele, wani Babarbare mai fataucin busasshen kifi, ta roƙi filin bayan shagonsa. Fili ne mai gajeriyar katanga, da tsamiya ɗaya, da ƙofar kwano da ke duban hanyar kogi. Ya ba ta. Ta share, ta kafa randa, ta ce wa matan su kawo yaransu.

Ba ta da bulala, ba ta da allo. Masu rarrafe ta ba su gwangwani da tsakuwa a ciki, an toshe shi tam, su yi ta kaɗawa. Masu tatata ta jera musu ƙodago su kwashe daga wannan ƙoƙo su zuba a wancan, su sake. Waɗanda suka fi girma ta zaunar da su gaban yumɓu. Ta murza, su murza. Ta matse tozo, su matse, sai ga saniya, ko wani abu da mai shi ya rantse saniya ce. Ba ta taɓa gyara wa yaro tasa ba. In ya kawo mata mai ƙafa uku sai ta tambaye shi sunanta da inda ta yi kiwo. Katanga kuwa daga ƙasa zuwa iya tsawon ɗan shekara huɗu duk tafin hannu ne, ja da baƙi da shuɗi. Abin da zai iya shaƙe yaro ba ya shiga filin.

Abu guda ne ya hana matan sakin jiki: ba ta rufe ƙofa da rana.

"Yaron da aka rufe, ƙofa yake kallo," in ji ta. "Ni so nake ya manta da ita."

Damina ta biyu Hamsatu ta kawo Bobboyi. Hamsatu Bafulatana ce mai sayar da tuwo, rumfarta tana kallon ƙofar filin daga can gangare. Mijinta ya sami aiki a jirgi ya bi shi kudu, bai dawo ba, bai aiko ba. Bobboyi yana kan kafaɗar uwarsa ranar da jirgin ya yi kuka ya tafi da ubansa. Tun daga nan, duk sa'ad da jirgi ya yi kuka, sai yaron ya zabura ya nufi ruwa yana kiran Baba. Shekararsa uku. An taɓa tsamo shi ruwa ya kai masa wuya. Idon ƙafarsa ya yi kanta saboda igiya.

Hamsatu ta miƙa yaron da igiyarsa tare.

"Ga tsamiya can, Goggo. Ki ɗaure shi a jikinta."

"Akuya kika kawo mini?"

"Akuya ta fi shi hankali. Ita ba ta shiga ruwa."

Hansai ta durƙusa ta kwance ƙullin. Hamsatu ta kama hannunta.

"Shi kaɗai gare ni. In ya faɗa, me za ki ce mini?"

"Babu abin da zan ce miki da zai yi amfani. Shi ya sa ba zai faɗa ba. Bar mini shi zuwa ƙarshen damina. In na kasa, ni da kaina zan ɗaure shi."

Jirgi na farko da ya yi kuka, Hansai ta cafke shi a bakin ƙofa. Ya cije ta a dantse, tabon yana nan har yau. Ta riƙe shi har ya gaji da kuka, tana tunani. Ta ga riƙon ma igiya ce, sai dai ta hannu, kuma hannunta biyu ne, yaran sun fi goma.

Washegari ta zo da fartanya. Ta haƙa siririyar kwata daga gindin randa, ta lanƙwasa ta ta bayan tsamiya har ƙarshen fili, ta shafe cikinta da yumɓu. A saman kwatar ta gina ɗan tafki ta cika shi da ruwa, ta toshe bakinsa da curi. Ta ɓare kara, ta sossoke laushin cikinsa da ɓawonsa, ta yi wa kowane yaro jirgi. Su kuma suka mulmula buhunan gyaɗa na yumɓu. Sannan ta ɗauki sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, ta busa. Ƙarar ta fito kamar ta jirgi mai mura. Yara suka fashe da dariya.

"In kun ji jirgi ya yi kuka, kowa ya kawo nasa nan. Amma kogi ba ya tafiya sai kyaftin ya buɗe ruwa. Bobboyi, zo. Kai ne kyaftin."

Ta ɗora hannunsa a kan curin. Ya cire. Ruwa ya gangara, jirage suka bi shi, wasu suka kife, ihu ya tashi har Malam Mele ya leƙo.

Kullum sai ta busa, ba ta da lokaci tsayayye. Wani lokaci suna cin abinci, wani lokaci sun soma gyangyaɗi. Ko yaushe doka ɗaya ce: babu mai taɓa curin sai Bobboyi. In ya yi nawa, sauran su tsaya da jiragensu a hannu suna kwala masa kira. Ta ja ruwa daga kogi har kafaɗarta ta ƙage. Jirage biyu suka zo a tsakani, duka biyun sai da ta riƙe shi, amma na biyun bai yi cizo ba, ya waiwayi tafkin.

Ranar da abin ya faru, babban jirgi ne, na ƙarshe kafin ruwa ya janye. Hansai tana can ƙarshen fili tana wanke wata jaririya, hannu duk sabulu. Bobboyi yana dab da ƙofa, ƙofa a buɗe. Jirgin ya yi kuka, irin kukan da ake ji a ciki kafin a ji a kunne.

Yaron ya fita.

Apollos yana gaɓa yana ɗaure kwalekwale, ya gan shi yana gangarowa da gudu. Hamsatu ta gan shi, ta saki mara a cikin tukunya. Hansai ta dire jaririyar a tabarma ta yi tsalle ɗaya zuwa ƙofa. Amma kafin kowa ya isa gare shi, sai murya ta tashi daga cikin fili, muryar yara fiye da goma a haɗe.

"Kyaftin! Ruwa! Kyaftin, buɗe mana!"

Bobboyi ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya dubi jirgin, ga shi nan ƙato, hayaƙi na tashi. Ya dubi baya. Jirgin ya sake kuka, yaran suka ƙara ihu. Sai ya juya, ya hau gangaren yana haki, ya wuce ta ƙarƙashin hannun Goggo bai ko kalle ta ba, ya cire curin.

Da yamma Hamsatu ta zo da kwanon tuwo. "Useko, Goggo" kawai take maimaitawa, godiya da harshenta.

"Kada ki yi mini kuka a kan yumɓu," in ji Hansai. "Da ya ƙara taku biyu, da na riga shi ruwa. Kin ga igiyarki can."

"Ba na so."

Hansai ta rataye ta a reshen tsamiya. Kafin damina ta zagayo wasu igiyoyin sun biyo ta. Ta tufke su wuri guda ta ɗaura guntun katako. Lilon da yaran Jimeta suke rububi a kai yanzu, asalinsa ke nan, ko da yake an sha sabunta igiyar.

Goggo Hansai, ke ce mai kogin da bai taɓa cin kowa ba. Ke ce kika karɓi ɗan Bafulatani da ɗan ƙabilar Bata da ɗan Babarbare kika zaunar da su gaban curi ɗaya, ba ki tambayi kowa yarensa ba. A shekarun nan duka ba a tsamo yaronki ko ɗaya daga Binuwai ba. Ba a ba ki lambar girma ba, babu ofishin da ya san sunanki. Bobboyi ya sani. Yana koyon gyaran injin jirgi yanzu, in ya wuce ƙofarki yana cire hula. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sassauta wa gwiwar nan.

Sauran mu kuwa, babu unguwar da ba ta da ƙasa da kara da yara. Mai fili ya ba da fili, kamar yadda Malam Mele ya yi. Mai hannu ya zauna a ƙasa ya murza yumɓu da ɗansa, kada ya gyara masa saniyar.

Ranar aikinta ta ƙarshe, iyaye sun kwashe yaransu, sai ita da Magdalena suka rage. Magdalena tana cikin waɗanda suka yi wa kyaftin ihu a waccan rana, yanzu matar aure ce da goyonta, ita za ta ci gaba da filin. Hansai ta miƙa mata sandar gwanda.

"Sabuwa za ki riƙa yankowa, tsohuwa ba ta ƙara. Ƙofa kuma kin sani."

"Ba a rufewa sai yaro na ƙarshe ya tafi. Na sani, Goggo. Yaushe motar Maidugurin?"

Apollos ya kwala kira daga gaɓa cewa rana tana faɗuwa, in ba ta zo ba zai bar ta ta yi iyo. Suka fito tare, Hansai ta jawo ƙofar kwanon da hannunta har ta rufu, ta sa sakata.

"Ki aika wa Haladu ya daina jira," in ji ta. "Gangaren nan ne na kasa hawa. Vinikilang ma akwai yara, kuma kogin nan ne a bayan gidansu. Gobe zan haƙa musu nasu ƙaramin kogin."