Talla ta Uku ta Mai Gyaran Sikeli

Mai gyaran sikeli ne. Shekara talatin da ɗoriya yana wani ɗan shago a bayan kasuwa, tsakanin mai yankan makulli da mai ɗinkin jaka, yana daidaita allurar sikelin mahauta da na masu hatsi. Duk wanda ya leƙo ya tambaya ko an gama masa, amsar ɗaya ce: "Saura kaɗan." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiran sa.

Sana'arsa ita ce ya sa allura ta tsaya cak, amma shi kansa bai iya tsayawa ba. A tsaye yake karyawa. In ya zauna ƙafarsa ta dama tana rawa, in ya miƙe yana laluben aljihu, ko da ya san ba abin da ya ɓata.

Abu ɗaya ne ya taɓa zaunar da shi: wani tsohon babur da ya girmi babbar 'yarsa. A buhu uku ya saye shi wurin wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ya yi shekara huɗu yana haɗa shi a baranda. Tankin kore ne, fentinsa na asali, ya koɗe a inda gwiwa ke gogawa. Da ya gama sai ya lulluɓe shi da zanen gado mafi kyau a gidan. Hawan da ya yi masa bai kai goma ba, don hanya na da ƙura, kuma mutane ba su iya tuƙi ba.

Neman kayan gyara ne ya kai shi wani zaure na waya, inda masu son tsofaffin babura ke saye da sayarwa. Mutum ɗari huɗu ne da wani abu, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, amma sun taɓa yin kwana uku suna faɗa a kan ko wani noti na asali ne. A shago aiki ya ja baya, kowa ya koma sikelin lantarki, wanda in ya lalace jefarwa ake yi. A zauren kuwa, da wani ya turo ƙarar injinsa, sai a ce, "A jira Saura-Kaɗan." Ya saurara sau biyu, ya rubuta cewa kabireta ce take shan iska, kuma ita ce. Babu wani wuri a duniya da ake jiran sa ba tare da tsaki ba sai nan.

Zauren na da shugaba, wani tsohon akawun kotu da ake kira Mai Doka, kuma yana da dokoki goma sha biyu. Ta huɗu ta ce duk wanda ya sa babur a kasuwa ya fasa har sau uku, za a cire shi, kuma ba dawowa. Saura-Kaɗan ya fasa sau biyu. Na farko, mai sayen ya tambaya ko za a iya yi wa tankin jan fenti. Na biyu, mutumin ya ƙwanƙwasa tankin da zobe a yatsarsa. Duka biyun an raka su har bakin titi cikin mutunci.

Sai mai gidan da suke haya ya ce zai rushe ya gina shaguna. Babbar 'yar ta samo musu wuri a hawa na uku na wani bene, mai matattakala da ko katifa sai an lanƙwasa. Saura-Kaɗan ya je da awo ya gwada matattakalar sau biyu. Ba ta ƙara faɗi ba.

"To, Malam," in ji matarsa, tana naɗe kwanuka da jarida, "ko dai ka sayar da shi, ko ka zauna da shi a nan har katafila ta zo. Ni dai na ɗaure kayana."

"Akwai shago."

"Shagon da in ka yi atishawa sai ka fito waje? Sai dai ka sa shi ciki, kai ka zauna a titi."

"Ke ba ki san darajarsa ba."

"Na sani mana. Shi ke lulluɓa da zanen aurena."

Ranar Litinin ya sa talla ta uku. Al'adar zauren ita ce mai sayarwa ya ɗauki bidiyo: ya nuna takarda mai ranar wata, ya dafa injin da tafin hannu don a ga da sanyinsa, sannan ya buga kik. Babur ɗin ya tashi bugu ɗaya. Ran Saura-Kaɗan ya ɓaci. Ya jira injin ya huce ya sake ɗauka, ko za a dace ya yi gardama. Ya sake tashi bugu ɗaya.

Kafin azahar saƙo ya fi arba'in. Makon nan bai gyara sikeli ko ɗaya ba. Ya ajiye wayar a aljihun tebur, ya ɗauko, ya kife ta, ya birkice ta. Ya tsara tambayoyi tara ga duk mai son saye: wane bakin mai za ka zuba, ina zai kwana, kana da yara masu hawa abu? Mutum biyar sun faɗi tun a tambaya ta biyu. Wani ya rubuto, "Baba, babur nake nema, ba auren 'yarka ba." An yi ta dariya a zauren. Saura-Kaɗan ya amsa cewa ai 'yar tasa da tambaya uku aka ɗauke ta.

Ranar Alhamis Mai Doka ya kira shi da kansa.

"Ranka ya daɗe, ina ganin abin da kake yi. Korar masu saye ma fasawa ce, sai dai ta sa riga."

"Shugaba, tantancewa nake yi."

"Tantance zuwa Asabar. In rana ta faɗi ba a rubuta 'an sayar' ba, da hannuna zan cire ka, kuma wallahi sai na fi ka jin zafi. Kabiretata ma ba ta da lafiya."

Ranar Asabar da hantsi, gidan duk kwalaye, wata mata ta yi sallama. Za ta yi shekara hamsin, da hular kwano a hannu da 'yar jakar kayan aiki. Likitar dabbobi ce, ta daɗe a zauren ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta amsa tambayoyi taran a rubuce tun ranar Talata, kuma Saura-Kaɗan ya karanta sau shida bai sami kuskure ba.

Ta cire zobenta ta sa a aljihu kafin ta taɓa tankin. Ya gani. Ta durƙusa ta duba lambar inji, ta kwance fulogi da sifanarta ta kalli launinsa, ta mayar ba tare da ta matse shi fiye da kima ba.

"Wa ya haɗa wannan injin, Malam?"

"Ni ne."

"Hannunka na da kyau."

Bai ji daɗi ba. Ya zagaya babur ɗin, ya sake zagayawa. Wayar na ta motsi a aljihunsa, mutum ɗari huɗu na jiran labari.

"Malama, fentin nan fa..."

"Wanda ya taɓa shi sai mun yi shari'a."

"To, ina za ki ajiye shi?"

"Ajiyewa? Hawa zan yi. Gonakin da nake zuwa mota ba ta shiga, baburan zamani kuma wata shida sun fara kuka. Irin wannan na koya da shi."

"Kullum?"

"Ban da ranar hutu."

Nan ya sami abin da yake nema tun Litinin. Ruwan sama, taɓo, akuyoyi. Dalilin fasawa ne da ko Mai Doka zai yi tunani kafin ya cire shi. Ya buɗe baki. Daga cikin ɗaki matarsa ta daina jan kwali. Ya dubi babur ɗin, mai tayoyin da har yanzu gashin sabunta bai goge ba bayan shekara bakwai. Ya dubi wayar.

"Ba ya son a murɗa masa mai da safe," ya ce. "Ki bar shi ya yi minti biyu."

"Uku nake ba su."

Ba su yi ciniki ba, kuɗin da ya sa a talla ta biya. Ta buga kik, ya tashi, ta fita da shi ta ƙofar da ya shigo a buhu. Saura-Kaɗan ya rubuta "an sayar". Zauren ya cika da barka, wani ya ce a sa ranar a kalanda. Mai Doka ya turo ƙarar kabiretarsa nan take, ko gaisuwa babu.

Bayan mako biyu likitar ta yi maganarta ta farko a zauren. Hoto ne: babur ɗin a bakin wata gona, taɓo har salansa, an ɗaure akwatin magani a baya, wani ɗan maraƙi na lasar madubi. Zauren ya kama da wuta. Aka ce wulaƙanci ne, aka ce a yi sabuwar doka. Aka jira Saura-Kaɗan. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta cewa sarƙar ta sha mai yadda ya kamata.

Ashe hanyarta ta wurin aiki ta ƙarƙashin sabon benen take bi. Kullum bakwai da 'yan mintuna yakan jiyo injin tun daga kwana, ya ajiye kofin shayi ya ruga taga. Tagar ɗakinsa bayan gida take kallo, sai ya bi ta falo, ya tsallake kwalayen da ba a kwance ba, kafin ya isa ta wuce. Bai taɓa ganin ta ba ko sau ɗaya. Amma kunnensa na gaya masa abubuwa, sai ya rubuta mata: yau kamar yana ɗan tari a giya ta biyu, a duba fulogi.

Takan amsa bayan kwana biyu ko uku, in ta sami sarari.

"Lafiyarsa ƙalau, Malam. Ka sha shayinka."