Gwajin Tokin Ranar Gayyar Baba

Daminar da na fara aiki a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Kano, oga ya miƙo mini wani ɗan abu kamar filashi, ya ce in gwada. Tokin ake ce masa. A cikinsa ake ajiye mabuɗin sirri na sa hannu a saƙonnin intanet, kuma mabuɗin ba ya fitowa ko za ka fasa abin da guduma. Abokan aikina sun rubuta manhajar da ke shiga tsakaninsa da kwamfuta. Nawa aikin shi ne in haɗa ɗan furogiram da zai nemi tokin ɗin, ya ba shi lambar sirri, ya sa shi ƙirƙirar mabuɗi ya sa hannu a saƙo, sannan ya duba ko hannun ya yi daidai. Oga ya ce ran Asabar da azahar zai nuna wa masu saye sakamakon gwajin. Na ce an gama, don ni bakina ba ya iya ce wa bare a'a.

Ran Juma'a da yamma na sauka daga motar Minjibir na shiga gidanmu, na tarar da Inna da matan maƙwabta suna ta dakan fura. Ashe washegari gayyar Baba ce, za a yi wa gero maimai. Ba wanda ya gaya mini a waya, da suka gan ni ma sai suka ɗauka saboda ita na zo.

A garinmu, ran gayya ɗan gida ne ke jan gaba. Mutane sun bar gonakinsu sun zo taka, dole su ga naka a sahun farko yana zufa, in ba haka ba ka raina su ke nan. Ni kaɗai ne namijin da ya tasa a gidanmu. Kuma ni ne ɗan fari, wanda Baba bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya ɗaga masa murya a gaban jama'a.

Da sassafe na kunna kwamfuta da niyyar in gama kafin a taru. Furogiram ya ƙi haɗuwa, wai akwai fayil ɗin da ya rasa, sai an sauko da shi daga intanet. Duk garin kuwa wuri ɗaya sabis ke kamawa, gindin ɗorawar da ke bakin gonarmu. Na saɓa fartanya, na rataya jaka, na je na jingina fartanyar da bishiyar na zauna, ina ce wa kaina abin ba zai daɗe ba.

Fayil ya sauko, furogiram ya haɗu, amma da na kunna shi sai ya ce bai ga tokin ba. Ina cikin binciken inda na kuskure, mutane suka cika gona, makaɗi ya saki ganga yana kiran ɗan gida. Ba wanda ya fito. Kawu, ƙanin Baba, ya tako har inda nake.

"Kai, ɗan nan, kai fa ake jira."

"Kawu, yanzu-yanzu. Wallahi saura ƙiris."

Daga nesa Baba ya ce wa Kawu, "Ƙyale shi, aikin mutane ne a hannunsa." Ya zo ya ɗauki fartanyata bai kalle ni ba, ya shiga gaba. Mutumin da ciwon baya ya sa a zaune yake sallah tun bara.

Raina ya ɓaci. Na ji haushin oga, na ji haushin kwamfuta, har Baba na ji haushinsa, don da tsawa ya daka mini da na rufe abin na tashi. Amma na san ba zai iya ba, kuma da wannan sanin na ci gaba da zama. Na gano ashe hanyar da furogiram zai bi ya kai ga manhajar na rubuta ba daidai ba. Na gyara, na shigar da lambar sirri a hankali, don in aka yi ta kuskurenta tokin kulle kansa yake yi. Ɗan fitilarsa ya fara ƙiftawa, layuka suka riƙa fitowa, kowanne yana cewa ya wuce. Da na ƙarshe ya fito ban san lokacin da na buga cinya na ce "Yauwa!" da ƙarfi ba. Kawunan mutane suka ɗago daga cikin gero suka dube ni. Na Baba ne kawai bai ɗago ba.

Na aika wa oga sakamako, na ruga na ari fartanya. Lokacin an ci fiye da rabin gona, mata har sun iso da fura. Wani dattijo maƙwabcinmu ya yi murmushi ya ce, "Haba Injiniya, zauna abinka, kada ka ɓata hannu." Aka yi dariya kaɗan, irin wadda gara zagi da ita.

Makon da ya biyo baya gayyar wannan dattijon ce. Na roƙi oga hutu na zauna, na wasa fartanya, na ƙudura ni zan riga kowa. Ana gobe gayyar, bayan la'asar, dattijon ya yi sallama a zaure, Baba ya fita, ina daga ciki ina jin su.

"Malam, gobe ba sai kun zo ba. Kai ga ciwon baya, shi yaron kuma ga aikin ofis. Mun yafe muku."

Baba ya daɗe yana yi masa godiya. Tun tasowata ban taɓa jin an yafe wa gidanmu gayya ba, kuma na san gidan da aka yafe wa ba shi da bakin kiran tasa baɗi.

Da safe ganga ta tashi daga gabas. Na fito da fartanya a kafaɗa, na tarar da Baba zaune a tabarma a tsakar gida yana sauraro. Ya juya wajen Inna.

"Gaya masa ya ajiye. An ce ba sai mun zo ba."