Gurbin Kalangu a Kwamfuta

Ƙarfe biyar na yamma muna zaure mu uku: ni, da wana makaɗin mahautan Talata Mafara, da 'yata riƙe da kwamfuta. Ɗana da ke karatu a Jamus ya aiko hoton kalangun da ya gani a gidan tarihi. A shafin intanet na gidan tarihin an jera sunayensa cikin harsuna, babu Hausa.

Wani harafin Jamusanci ya ƙi fitowa, sai ɗan akwati fanko a wurinsa. Yaya ya ɗora yatsa.

"Wanga hwa?"

"Baffa, harafi ne kwamfutar ba ta sani ba."

"Ke dai! Gurbi suka bar muna, sun san ba su da sunan gaskiya."

Na buɗe baki in gyara masa yadda na saba, sai ya jawo kalangunsa. Ya kaɗa taken mahauta, ya ce a aika wa Jamusawa su ji muryar mai sunan. Na fasa gyara masa.

Har yau yana tambaya ko an cike gurbin. Mai karatu, in ka je gidan tarihin nan, don Allah ka ce su rubuta kalangu.