Malama Juliana da Sunan Ɗan Fari

A unguwarmu ta Gwallaga kowa ya san Malama Juliana, amma ba wanda ya san abin da take nema. Doguwa ce, kullum da tsohuwar lema, tana bin gidajen ɗalibanta bayan an tashi daga makaranta. Wasu sun ce hoton yara take ɗauka tana aika wa Turawa. Wasu sun ce wa'azi take a ɓoye. Ni da na gudu daga aji uku na sakandare, na san malamar da za ta biyo ka har gida ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

Gidanmu ta zo saboda Hammadu, ɗan yayana Jalo, mai shekara biyar. Kunnensa ba ya ji sosai, magana sai ɗaiɗai. Wai makaranta ta yi masa tsarin karatu nasa shi kaɗai. Da Dada, mahaifiyarmu, ta ji "shi kaɗai", sai ta ce shi ke nan, makarantar kwana ta kurame za su kai mata jika. Har ta shirya da Jalo a tura yaron rugar kawunmu ranar kasuwa, ya bi maruƙa ya huta da boko.

Malama ta zauna a tabarma. Dada ba ta ko sa an kawo mata ruwa ba.

"Ba wani abu ba ne, Mama," in ji Malama. "Zai zauna a gaba, inda zai ga bakina. Kafin ƙarshen zango muna so ya iya sunan kayan gida. Aikinku ɗaya: uwarsa ta kira sunansa, ta kalle shi ido da ido, ta yi magana a hankali." Ta juya wajen Habibatu, matar yayana. "Maman Hammadu, me yake so? Me yake iya yi da kansa?"

Habibatu ta juya ta fuskanci bango.

Malama ta sake tambaya. Habibatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai na ga Malama ta jawo yaron tana duba hannayensa da bayan wuyansa. Ashe ita ma zarginmu take! Muna mata kallon mai satar yara, tana mana kallon masu dukan yara.

"Malama," na ce, "ɗan fari ne. Ko alƙali ya tambaye ta, cewa za ta yi ba ta taɓa ganinsa ba. A kasuwa muka tsince shi."

"Sabitu, ungo naka," in ji Dada.

Malama ta dafe goshi. A garin nan aka haife ta, ta san kunyar ɗan fari sarai, rubutu ne ya mantar da ita. Nan ta ba mu labarin ƙaninta Toma, wanda ya girma ba ya ji, ba wanda ya taɓa zama ya yi wa iyayensu bayani, har ya kai shekarun aure bai iya rubuta sunansa ba. Tun daga nan take yawon gidaje. Na so in tausaya, amma 'yan damfara ma duk suna da ƙani.

"To mu gyara," ta ce. "Kiran suna na Mama ne. Tambayoyina ma Mama zan yi wa. Ke kuwa uwar yaro, abin da kika yi a cikin ɗakinki, ba wanda zai tambaye ki."

"Kwana fa?" in ji Dada.

"A gida zai kwana. Ba a canza komai sai kun yarda."

"Haka kuke cewa."

Washegari Dada ta yafa mayafi, ta raka yaron makaranta da kanta, ta zauna a gindin tagar ajin har aka tashi. Ta dawo ta ce ba ta ga abin ɗaukar hoto ba, amma wataƙila a cikin lemar yake.

Ana gobe kasuwa, ina wucewa ta bayan ɗakin Habibatu, sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa. Ta durƙusa a gaban yaron, ta riƙe haɓarsa. "Mo-ɗa. Moɗa." Ya ce, "Oɗa." Na yi tari. Moɗar ta same ni a kunne.

Da safe Jalo ya zo da babur, ya ce ina yaron.

"Ya tafi makaranta," in ji Dada, tana neman takalminta. "A bar shi zuwa ƙarshen zango. Ban gama da mai lemar nan ba."